Tsofaffin sojoji a yammacin Katsina: Ga ƙwarewa, ba takardar aiki

Shekarun da aka shafe ana fama da hare-haren 'yan bindiga a yankin Babban Duhu na ƙaramar hukumar Safana, da kuma ƙauyukan Batsari da ke maƙwabtaka da shi, sun bar wani giɓi da ba a cika magana a kansa ba, wato ƙarancin ma'aikata da masu sana'a.

Ma'aikatan lafiya da malaman makaranta da dama sun ƙaurace wa ƙauyukan da ke bakin dajin Rugu, kuma ba kowane direba ko bakanike ne ke yarda ya bi hanyoyin yankin ba, ko da an ninka masa kuɗi.

A shekarar 2022 hukumar kula da lafiya a matakin farko ta jihar Katsina ta bayyana cewa an rufe cibiyoyin lafiya 69 a jihar saboda rashin tsaro, kuma Batsari na cikin ƙananan hukumomin da abin ya fi shafa.

A ɗaya ɓangaren kuma, akwai wasu mutane da gwamnatin tarayya ta kashe kuɗi ta koya musu irin waɗannan ayyuka, suka kuma yi su shekara da shekaru a wuraren da ba su gaza Rugu haɗari ba. Waɗannan su ne sojojin da suka yi ritaya, ko aka sallame su lami lafiya.

Sai dai da yawa daga cikinsu, musamman masu ƙananan muƙamai, da zarar sun tuɓe kaki sai su tarar cewa horon da suka samu a bariki ba shi da wani nauyi a gaban hukumomin da ke ba da lasisin aiki ga farar hula.

Soja ba bindiga kaɗai ba ne

Kowane kurtu na rundunar sojin ƙasa yakan fara ne da horon yaƙi, kuma shekara da shekaru Daffo da ke Zariya ce ƙofar shiga. Amma bayan nan akan rarraba su zuwa sassa daban-daban, inda da yawa ke koyon sana'a ta haƙiƙa.

Rundunar tana da makarantar injiniyoyi a Makurɗi, inda ake koyon gina hanya da gada da samar da ruwa. Tana da makarantar gyaran injuna da lantarki a Auchi, da ta sufuri a Benin, da ta sadarwa a Apapa, da kuma ta ma'aikatan lafiya a Ojo da ke Legas.

Sajan da ya shekara 20 yana tuƙa manyan motocin yaƙi tsakanin Maiduguri da Damboa, direba ne na gaske. Kofur ɗin da ya saba tsayar da jini da ɗaure karaya a fagen daga, ya ga raunin harsashi fiye da yadda akasarin ma'aikatan ƙananan asibitoci za su gani a tsawon aikinsu.

Ya kamata a faɗi cewa ba dukkan sojoji ne ke cikin wannan matsala ba. Likitocin soja da injiniyoyinsu masu digiri suna da rajista da hukumominsu tun suna bakin aiki. Haka ma waɗanda suka kammala kwalejin jinya ta sojoji da ke Yaba, ko cibiyar fasaha ta sojojin sama da ke Kaduna, sukan fito da takardun da kowa ya amince da su.

Waɗanda abin ya fi shafa su ne ƙananan sojoji, waɗanda iliminsu ya taru ne daga kwasa-kwasai na cikin gida da kuma aikin yau da gobe. Takardun irin waɗannan kwasa-kwasai suna da amfani wajen ƙarin girma a bariki, amma a waje ba kowa ya san ma'anarsu ba.

Inda gizo ke saƙa

A Najeriya kusan kowace sana'a mai muhimmanci tana da hukumar da ke tsare ƙofarta. Masu jinya da ungozoma suna da majalisarsu. Ma'aikatan lafiya na karkara suna da hukumar rajistarsu. Hukumar COREN, wadda aka kafa a shekarar 1970, ita ke yi wa injiniyoyi da masu fasaha rajista, yayin da TRCN ke kula da rajistar malaman makaranta.

Tsarin waɗannan hukumomi ya ginu ne kan abu biyu: mutum ya kammala makarantar da hukumar ta amince da ita, ya kuma ci jarrabawarta. Shekarun aiki, komai yawansu, ba sa maye gurbin waɗannan sharuɗɗa.

A ɗauki misalin tsohon soja ɗan asalin Safana da ya yi aiki a sashen lafiya, ya dawo gida yana son ya kama aiki a ƙaramin asibitin mazaɓarsa. Idan ba shi da takardar da hukumar rajista ta sani, hanyar da ke gabansa ita ce ya koma aji a makarantar koyon aikin lafiya ta Kankiya ko ta Daura, ya yi shekara biyu ko uku tare da yaran da ya haifa, ko sa'anninsu.

Magidanci mai shekara 50, mai iyali, wanda ke jiran fansho, da wuya ya ɗauki wannan hanya. Abin da ya fi sauƙi shi ne ya koma gona, ko ya nemi gadi a birni, ko kuma ya riƙa duba marasa lafiya a gida ba tare da izini ba, abin da ya saɓa wa doka.

Ko a fannin tsaro, inda ake ganin nan ne gidansu, ƙofar ba a buɗe take ba. Dokar kamfanonin gadi masu zaman kansu ta shekarar 1986 ta hana ma'aikatansu riƙe bindiga, kuma dokar mallakar makamai ba ta ba tsohon soja wani gata na musamman ba. Da shi da wanda bai taɓa jin ƙarar harbi ba, albashin gadi ɗaya suke karɓa a mafi yawan wurare.

Matsalar ta daɗe

Wannan ba sabon al'amari ba ne. 'Yan Najeriya fiye da 100,000 ne suka yi wa Ingila aikin soja a yaƙin duniya na biyu, kuma da yawa daga cikin waɗanda suka je Bama 'yan arewa ne. A can suka koyi tuƙi da kanikanci da aikin waya da na asibiti.

Da suka dawo, gwamnatin mulkin mallaka ta kafa doka a shekarar 1945 wadda ta tilasta wa masu ɗaukar ma'aikata su keɓe wa tsofaffin sojoji wani kaso na gurabe. Wasu sun dace, suka zama direbobin manyan motoci ko 'yan doka ko masinjoji a ofisoshin En'e. Wasu da dama kuwa sun koma ƙauye da lambobin yabo kawai.

Da yaƙin basasa ya ɓarke a shekarar 1967, sai aka sake tunawa da su, aka kira tsofaffin sojoji suka koma cikin kaki. Rundunar da ba ta wuce mutum kimanin 10,000 ba kafin yaƙin, ta kai kimanin 250,000 a lokacin da aka gama shi a shekarar 1970, kuma rage wannan adadi ya zama babban aiki ga gwamnatocin da suka biyo baya.

Tarihin ya nuna abu guda: duk lokacin da ake buƙatar mai riƙe bindiga, hukuma ta san inda tsohon soja yake. Idan kuwa ana maganar sauran abin da ya iya, sai a ce ya kawo takarda.

Oshodi da kuɗin alawus

Babban tanadin da gwamnati ta yi wa sojoji masu shirin barin aiki shi ne cibiyar sake tsugunar da sojoji da ke Oshodi a Legas. A can sukan yi kwas na wata shida, a koya musu sana'o'i irin su kiwon kaji da kifi, da ɗinki, da walda, da kafinta, da aikin kwamfuta.

Babu shakka cibiyar ta taimaki mutane da yawa. Amma manufarta ita ce shirya soja ya dogara da kansa ta hanyar ƙaramar sana'a. Wannan daban yake da tabbatar masa da sana'ar da ya riga ya shekara 30 yana yi, ta yadda ma'aikatar lafiya ko ta ayyuka za ta iya ɗaukarsa a matsayin ƙwararre.

Wani abin lura shi ne alawus ɗin nan da aka fi sani da SDA, wanda aka amince da shi a shekarar 2017 zamanin Shugaba Muhammadu Buhari. Manufarsa ita ce a ba sojan da ya bar aiki wani kuɗi domin kada ya yi amfani da horon da ya samu wajen cutar da ƙasa.

Rashin biyan wannan alawus da sauran haƙƙoƙi a kan lokaci ya sa tsofaffin sojoji sun sha yin zanga-zanga a Abuja. Sun yi zaman dirshan a ƙofar ma'aikatar tsaro a shekarar 2022, sun kuma tare ƙofar ma'aikatar kuɗi a watan Disamba na 2024 da kuma Janairun 2025.

Wato ke nan gwamnati ta amince a hukumance cewa ƙwarewar soja tana da haɗari idan aka bar ta kara zube, har tana biyan kuɗi a kan haka. Abin da bai samu irin wannan kulawa ba shi ne amfanin da ke cikin ƙwarewar.

Darasin rundunar C-Watch

A watan Oktoba na shekarar 2023 Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa ya ƙaddamar da rundunar tsaron al'umma ta jihar Katsina, wadda jama'a ke kira C-Watch, da matasa 1,466 a rukunin farko. An ɗebo su ne daga ƙananan hukumomin da ke bakin daji, ciki har da Safana da Batsari.

Hujjar kafa rundunar ita ce ɗan gari ya fi baƙo sanin hanya da mutane, kuma ya fi shi dalilin tsayawa idan abu ya yi zafi. Jihohin Zamfara da Sakkwato sun bi sahu a shekarar 2024.

An ɗora wa wani babban hafsa mai ritaya, Manjo Janar Junaidu Bindawa, jagorancin kwamitin da ke kula da rundunar. Wannan ya nuna cewa idan ana maganar manyan hafsoshi, ba a shakkar darajar abin da suka koya a aikin soja.

Masu lura da al'amura na ganin cewa hujjar da ta sa aka ɗauki ɗan gari aikin tsaro, ita ce kuma ta dace da asibiti da makaranta da rijiyar burtsatse. Ma'aikacin da aka turo daga Katsina ko Dutsinma zuwa Babban Duhu yakan fara neman canjin wuri tun kafin ya sauke jakarsa. Tsohon sojan da gidansa da gonarsa ke nan ba shi da inda zai nemi a mayar da shi.

Batun ya ƙara muhimmanci ne bayan yarjejeniyoyin sulhu da al'ummomin wasu ƙananan hukumomi, ciki har da Batsari da Safana, suka ƙulla da 'yan bindiga a shekarar 2025. Ko mutum yana goyon bayan sulhun ko yana shakkarsa, ganin yadda na shekarar 2019 ya wargaje, ɗorewar zaman lafiya ta dogara ne da komawar ayyukan gwamnati cikin ƙauyuka. Kuma gini ba ya duba maras lafiya, sai da ma'aikaci a ciki.

Yadda Amurka ta ɓullo wa lamarin

Najeriya ba ita kaɗai ta gamu da wannan matsala ba. A shekarar 2011, rashin aikin yi tsakanin sojojin Amurka da suka bar aiki bayan yaƙe-yaƙen Iraƙi da Afghanistan ya haura kashi 12 cikin 100, fiye da na sauran jama'a. Ɗaya daga cikin dalilan shi ne hukumomin lasisi na jihohi ba su san horon soja ba.

Matakin farko da aka ɗauka ya shafi direbobi. Daga shekarar 2011 aka ba jihohi damar yafe gwajin tuƙi ga sojan da ya yi aƙalla shekara biyu yana tuƙa babbar motar soja ba tare da mummunan tarihi ba, idan yana neman lasisin tuƙa manyan motocin haya. A farkon tsarin, jarrabawar rubutu kan dokokin hanya tana nan a kansa.

A shekarar 2012 Shugaba Barack Obama ya sa hannu kan wata doka da ta umarci hukumomin tarayya su riƙa la'akari da horon soja wajen ba da lasisi. Bayan nan jihohi da dama suka yi nasu dokokin. A shekarar 2016 jihar Virginia ta fito da shirin da ya ba tsofaffin ma'aikatan lafiya na soja damar yin aiki a asibitoci ƙarƙashin kulawar likita, yayin da suke neman cikakken lasisi.

Abin da ya kamata a lura da shi shi ne, ba a ce duk wanda ya sa kaki a miƙa masa lasisi ba. An zauna ne aka gwada manhajar soja da ta farar hula, aka yafe abin da mutum ya riga ya sani, aka ce ya cike abin da ya rage.

Hujjojin masu ɗari-ɗari

Akwai dalilai masu ƙarfi da ke sa wasu ke ja da baya, kuma bai kamata a yi watsi da su ba.

Na farko, aikin lafiya a fagen daga daban yake da na ƙauye. Ma'aikacin lafiya na soja ya saba da samari majiya ƙarfi da suka ji rauni. Ƙaramin asibitin karkara kuwa, akasarin masu zuwa mata ne masu juna biyu da yara masu zazzaɓin cizon sauro ko tamowa, ga kuma allurar rigakafi. Wanda ya ƙware a ɗaya ba lallai ne ya iya ɗayan ba.

Na biyu, akwai matasa da yawa da suka kammala makarantun Kankiya da Daura da Malumfashi, suna riƙe da lasisi amma ba su da aiki. Suna iya cewa matsalar ba ta rashin masu takarda ba ce, ta rashin ɗauka ce da rashin tsaro, kuma bai dace a fifita mai fansho a kansu ba.

Na uku, a ƙasar da ake fama da takardun jabu, buɗe wata sabuwar ƙofa na iya zama hanyar da kowa zai fake da sunan tsohon soja. Akwai kuma bambanci tsakanin wanda ya yi ritaya cikin mutunci da wanda aka kora saboda laifi.

Na huɗu, wasu sojojin sukan dawo da ciwon da ba a gani da ido, sakamakon abin da suka gani a fagen yaƙi. Irin waɗannan suna buƙatar kulawa kafin a danƙa musu amanar jama'a.

Sai dai idan aka duba da kyau, duk waɗannan hujjoji suna nuna buƙatar a yi gwaji da tantancewa ne. Babu ɗaya daga cikinsu da ke cewa wanda ya shekara 25 yana aiki sai ya koma daidai da wanda bai taɓa riƙe sirinji ko sufana ba.

Gadar tana nan, saura a taka ta

Abin da ya sa batun bai kai wahalar da ake zato ba shi ne Najeriya ta riga ta mallaki tsarin da zai iya warware shi.

A shekarar 2013 majalisar zartarwa ta tarayya ta amince da tsarin ƙasa na tantance ƙwarewar sana'a, wanda hukumar kula da ilimin fasaha ta ƙasa, NBTE, ke gudanarwa. A cikin tsarin akwai hanyar amincewa da ilimin da mutum ya riga ya samu a wajen aji: mai tantancewa ya ga aikinsa da idonsa, ya duba shaidunsa, a ba shi takarda daidai matakinsa.

An gwada wannan hanya da masu sana'ar hannu na kasuwar Panteka da ke Kaduna, waɗanda akasarinsu a wurin maigida suka koyi aiki. Idan za a iya auna ƙwarewar maƙerin Panteka, auna ta bakaniken soja, wanda kowane kwas da ya yi yana rubuce a fayil ɗinsa, ya fi sauƙi. Ga kuma tsohuwar takardar gwajin sana'a mai matakai uku da ma'aikatar ƙwadago ke bayarwa.

Abin da ya rage aiki ne na zama a teburi. Hedikwatar tsaro da hukumomin lasisi za su iya jera kwasa-kwasan soja, a faɗi matsayin kowanne a ma'aunin farar hula, a kuma tabbatar soja ya karɓi takardarsa tun kafin ranar sallama. Ga fannin lafiya, ana iya tsara gajeren kwas na cike giɓi kan kula da mata da yara, sannan mutum ya zauna jarrabawar da kowa ke zama.

Jihar Katsina ma tana da rawar takawa ba tare da jiran Abuja ba. Reshen ƙungiyar 'yan mazan jiya na jihar zai iya tattara sunayen tsofaffin sojoji da sana'ar kowa, mazaɓa bayan mazaɓa. Kwalejin kimiyya da fasaha ta Hassan Usman Katsina, wadda ita kanta sunan tsohon babban hafsan sojin ƙasa take ɗauke da shi, za ta iya zama wurin gwaji, domin kada a ce sai mutumin Safana ya je Legas.

A duk ranar 15 ga watan Janairu akan yi faretin tunawa da 'yan mazan jiya, a ajiye furanni, a yi alƙawura. Ga mazauna Babban Duhu da ƙauyukan Batsari, ma'aunin waɗannan alƙawura ya fi kusa da gida: ko akwai wanda zai buɗe asibiti da safe, ko akwai wanda zai tayar da injin ruwa idan ya tsaya.

Abin jira a gani shi ne ko hukumomi za su ci gaba da biyan tsohon soja domin ya ajiye abin da ya iya, ko kuwa za su ba shi takardar da zai yi wa mutanen garinsu aiki da shi.